Ɗan Wa Za A Kulle A Ɗakin Ƙasa?

Akwai wata magana da ta cika mini kunne, a fada, a bakin amfi, har cikin rubuce-rubucen da ƴan ƙungiyarmu ke kawowa a karanta. Wai ɗan Adam ba ya ci gaba sai da wahala. Wai da babu yaƙi da ba a ƙera jirgin sama ba, da babu annoba da ba a gano magani ba, da babu mugu da nagari ya yi ta sharar barci. Da can tsofaffi ke faɗa mana haka, su rufe da karin magana, mu yi shiru don girmansu. Yanzu kuwa tsararrakina ne ke faɗa, kuma daga fim suke ɗauko hujja. Saurayi ya kalli Thanos a telefon, ya kurɓi shayi, ya ce, "Amma fa in ka duba da kyau, mutumin nan yana da gaskiya." Ni na ce ba shi da ita ko ta dala ɗaya. Tunda kuma daga labaran da muke kira siyans-fiksiyon a lakwal kuka ɗauko hujjar, waɗanda ni zan kira almarar kimiyya, to can zan bi ku, don ni ma na karanta, na kalla.

Amma mu fara ware aya da tsakuwa. Akwai wuyar da mutum ke ɗaukar wa kansa: manomi ya duƙa tun asuba, ɗalibi ya kwana da kaye gab da bak, yaron gareji ya shekara uku hannunsa cikin baƙin mai. Wannan ba ni da ja da ita, kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma mai gudun shi ne mai cin naman. Akwai kuma wuyar da ake ɗora wa wani, wani daban ya kwashe amfanin: yunwa, bauta, yaƙi, duka, gwajin magani a jikin wanda ba a tambaya ba. Duk wayon masu wannan magana shi ne su kira ta biyun da sunan ta farko. Su ce "wahala", kai kana tuna daren da ka yi kana bita, su kuwa gawa suke nufi. Ban kuma shiga batun ƙaddara da jarrabawar Ubangiji ba, wannan fagen malamai ne. Rigimata da ɗan Adam ce, mai ci mai sha kamar ni, wanda ya naɗa kansa mai raba wa ƴan uwansa jarrabawa, ya ce don ci gabansu ne.

Thanos ba zai ci mini lokaci ba. A fim ɗin Avengers na 2018 ya shafe rabin duk wani mai rai don abinci ya ishi saura. Tsohon tunani ne, tun 1798 wani limamin coci na Ingila, Thomas Malthus, ya rubuta cewa baki na ƙaruwa fiye da abinci. Ku ɗauki bik ku yi lissafi. Mutanen duniya sun kai miliyar 4 a 1974, suka kai miliyar 8 a 2022. Ke nan da Thanos zai kaɗa yatsunsa yau, kafin shekara 50 an koma gidan jiya, sai ya sake kaɗawa. A Nijar ko shekara 25 ba za a kai ba. Mutum yana riƙe da duwatsun da ke juya lokaci da sarari, tunanin ninka hatsi bai zo masa ba, sai na rage masu ci. Kuma duk ɗan fadar da ya ce Thanos na da gaskiya, a ransa ya riga ya sa kansa da innarsa cikin rabin da ya tsira. In an tashi zancen ƙasar da ta fi kowa haihuwa a manyan tarurrukan duniya, kun san sunan da ake fara kira. Mai tafa wa Thanos daga Maraɗi bai gane da wa ake ba.

Wanda ya fi kama zukatanmu shi ne Dune, kuma na san dalili. Ga hamada, ga rawani, ga ƙishirwa, ga kalmomi masu kama da Larabci, ga kuma wani arziki a cikin yashi da manyan dauloli ke zuwa su kwasa su bar masu ƙasa da ƙura. Wanda ya san Arlit ba ya bukatar tafinta. Frank Herbert ya fitar da littafin a 1965, kuma ɗaya daga cikin ginshiƙansa shi ne wahala ke ƙera jarumi. Mutanen Fremen sun fi kowa iya yaƙi saboda duniyarsu, Arrakis, ta fi ko'ina tsanani. Sojojin sarki kuma, Sardaukar, a wata duniyar kurkuku ake rainonsu, inda raggo ba ya kai labari. Ibn Khaldun ya faɗi makamancin haka tun 1377 game da mutanen daji da mutanen birni. Zancen na da daɗin ji, musamman ga wanda ya tashi cikin zafin Afrilu a Tawa: ashe mu ne Fremen, ashe ranarmu na nan tafe.

To, ku duba taswira. Da tsananin ƙasa ke haifar da ƙarfi, da tuni Sahel ke mulkin duniya. Da yunwa ke wasa ƙwaƙwalwa, da lambobin Nobel sun cika rumbunan Dakoro. Abin da yunwa ke yi wa yaro likitoci sun san shi sarai. Wanda tamowa ta kama cikin kwana 1000 na farkon rayuwarsa, tun yana ciki har ya shekara biyu, jikinsa na tsumburewa, ƙwaƙwalwarsa ma haka, kuma da wuya ya maido duk abin da ya rasa. Fiye da kashi 40 cikin 100 na yaran ƙasarmu ƴan ƙasa da shekara biyar a haka suke tashi. A littafi wahala rariya ce, ta tace mutane ta bar zaƙaƙurai. A ƙauye kuwa ta kashe wasu, ta raunana waɗanda suka rage. Sai mu ga mutum guda ya fita ya zama injiniya, mu nuna shi da yatsa mu ce ga aikin wahala. Sauran ƴan ajinsu ba a gayyace su taron ba, balle su faɗi nasu.

Herbert kansa bai tsaya inda masu kallon fim suka tsaya ba. A littafi na biyu, na 1969, yaƙin da Paul ya tayar da sunan ceto ya riga ya ci rai miliyar 61. Daga baya ɗansa Leto ya danne mutane shekara 3,500 da gangan, wai don su koyi darasin da zai hana zuriyar ɗan Adam ƙarewa. A nan nake so ku buɗe ido da kyau. Ta yaya Leto ya san babu wata hanya sai wannan? Saboda yana hango abin da zai faru. Wa ya ba shi wannan hangen? Marubuci. Herbert ne ya zauna da alƙalaminsa ya toshe duk ƙofofi ya bar ɗaya, sannan ya ce mana ku duba, ƙofa ɗaya ce tak. Haka duk labaran nan suke. Mai labari ya shirya kartarsa tun kafin ka zauna. A duniyar da muke ciki babu shugaba, babu janar, babu likita da aka ba wannan hangen. Abin da muke da shi mutane ne masu da'awar suna hangowa, kuma maƙabartu cike suke da waɗanda suka biya kuɗin hangensu.

Bari ma in kawo muku hujjarku mafi ƙarfi, wadda da yawanku ba su karanta ba. Isaac Asimov, 1955, La Fin de l'Éternité. Wata ƙungiya ce ke zaune a wajen lokaci, tana shiga tarihi tana gyara: ta kawar da yaƙi nan, ta hana bala'i can, da ɗan ƙaramin canji kamar gusar da gwangwani daga wannan kanta zuwa waccan. Duk sa'ad da suka zaɓi hanya mafi aminci, tafiya sararin samaniya ce ke mutuwa. Kafin ɗan Adam ya farga ya fita, wasu halittu sun mamaye taurari, sai ya dawo gida ya ƙare a hankali. Maganin da littafin ya kawo shi ne a rushe ƙungiyar, a bar mutane su yi kasada, har a aika wasiƙa a 1932 zuwa ga wani masanin kimiyya ɗan Italiya don a kai ga fashewar bam na nukiliya a 1945. Labari ne mai kyau, ba na musu, kuma akwai gaskiya cikinsa: al'ummar da wasu ƴan tsiraru ke zaɓar mata komi, su hana ta gwaji da kuskure, za ta tsaya cak. Amma wannan ai hujjar ƴanci ce da kasada. Ta ina ta zama hujjar mugunta? Matar da ke shanya a Hiroshima da safiyar 6 ga Agusta 1945, wace kasada ta zaɓa? Mahaƙan Shinkolobwe a Kwango, waɗanda daga raminsu aka samo mafi yawan uraniyom ɗin, wa ya tambaye su ko sun yarda jikokin wani su je taurari da huhunsu?

Ana kuma yawan jawo H. G. Wells cikin wannan gardama, alhali shi ne ya fi ƙaryata ta. A La Machine à explorer le temps, na 1895, matafiyin ya sauka a shekara ta 802,701 ya tarar da Eloi, ƴan kyawawan mutane marasa ƙarfi, marasa tunani, sai cin ƴaƴan itace da wasa. Nan take ya yanke irin hukuncinku: jin daɗi ne ya lalata su, da akwai haɗari da sun yi kaifi. Sai dare ya yi, Morlock suka fito daga ƙarƙashin ƙasa. Ashe jikokin ma'aikata ne da aka tura ƙasa su yi ta juya injuna don na sama su huta, har zamani ya juya suka koma kiwon na saman suna ci. Ku tambayi kanku, dubban shekarun wahalar da Morlock suka sha, ta mai da su masana? Dodanni ta mai da su. Tsarin da ya ce wasu su sha wuya don wasu su ci gaba, duka ɓangarorin biyu ya cinye.

Haka Le Meilleur des mondes na Aldous Huxley, na 1932, da wasunmu suka gamu da shi a lise. Ana cewa ga duniyar da aka cire wa wahala, kowa na haɗiyar ƙwayar soma, kuma ga yadda ta zama fanko. Wa ya ce an cire mata wahala? A cikin kwalba ake ƙyanƙyasar mutane, kuma waɗanda za su yi aikin ƙasƙanci, ƴan Epsilon, da gangan ake rage musu iskar shaƙa tun suna tayi don kada ƙwaƙwalwarsu ta girma. Tamowa ce aka mai da ita dokar ƙasa. Zalunci na nan daram, an dai wanke shi an sa masa turare. A Matrix kuma, na 1999, an ce an fara gina wa mutane aljannar ƙarya suka ƙi ta, don ba sa iya zama sai da baƙin ciki. Wa ya faɗa? Smith, ɗan sandan injuna, yana faɗa wa mutumin da ya ɗaure a kujera yana azabtarwa. Ni dai in gandiroba ya ce mini fursuna ba ya jin daɗin barci sai da sarƙa, zan nemi wani shaidan.

Labarin da ya fi duk waɗannan gajarta shi ya fi su nauyi. Ursula Le Guin ta rubuta shi a 1973, Ceux qui partent d'Omelas, ƴan shafuka ne, ana iya karance shi kafin shayi na biyu ya tafasa. Omelas birni ne na farin ciki: babu sarki, babu soji, babu bawa, ga kiɗa, ga ilimi, ga ranar biki. Sai dai a wani ɗakin ƙasa marar taga akwai yaro guda a kulle, cikin ƙazantarsa, ana ba shi ɗan abin da zai hana shi mutuwa. Kowa ya sani. Kowane yaro na birnin in ya yi wayo ana gaya masa, wasu ma a kai su su gani, a kuma bayyana musu cewa ranar da aka fito da shi, ko aka yi masa magana mai daɗi, duk ni'imar Omelas ta rushe. Su yi kuka, su yi fushi, daga baya su haƙura. Ƴan kaɗan ne ke fita daga birnin su kama hanya, ba sa dawowa.

Abu biyu nake so ku riƙe daga wannan labari. Na farko, Le Guin ba ta taɓa bayyana yadda kukan yaron ke sa hatsi ya yi kyau ba. Babu waya, babu bututu da ya tashi daga ɗakin zuwa gonaki. An dai gaya musu haka ne, suka gaya wa ƴaƴansu, kuma babu wanda ya taɓa buɗe ƙofar ya gwada. Na biyun ya fi ciwo. Mai ba da labarin ta daɗe tana kwatanta daɗin birnin, tana lura da cewa mai karatu bai yarda ba, yana ganin tatsuniya ce. Sai ta ƙaro yaron, sannan ta tambaya ko yanzu birnin ya fi kama da gaskiya. Kuma wallahi ya fi. Tarkon ke nan, mu aka ɗana wa. Mun saba da zalunci har ba ma iya gaskata alherin da babu wanda aka take a ƙarƙashinsa. Ɗan fadar da ke cewa dole sai da mugunta, yana jin kamar shi ne mai zurfin tunani, mu kuma yara masu mafarki. Ƙarancin tunani ne kawai, ya kasa ƙaga abin da bai taɓa gani ba.

Za ku ce wannan duk littafi ne, mu koma tarihi. Mu koma. Misalinku na kullum shi ne roka: ba don Hitila ba da ba a je wata ba. Gaskiya ne Wernher von Braun, wanda ya jagoranci ƙera V-2 a Jamus, shi ne daga baya ya jagoranci ƙera Saturn V da ta kai Amurkawa wata a Yulin 1969. Gaskiya ne kuma V-2 a cikin ramukan dutse kusa da Nordhausen aka riƙa harhaɗa ta, da hannun fursunonin sansanin Dora, inda kusan mutum 20,000 suka mutu da yunwa da duka da rataya. Makamin ya fi kashe masu ƙera shi a kan waɗanda aka harba wa. Ga Omelas ta gaske, har da ɗakin ƙasan. Yanzu tambaya: cikin gawawwakin nan, wacce ce ta ƙara wa roka tazarar mita ɗaya? Lissafin da roka ke tashi da shi, wani mushen lakwal ne mai larurar kunne a garin Kaluga na Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, ya buga shi a 1903. Roka ta farko mai ruwan mai, Robert Goddard ya harba ta a wata gona a Amurka a 1926, babu yaƙi, babu wanda ya mutu. Abin da yaƙi ya kawo shi ne kuɗi da gaggawa: gwamnati ta buɗe baitulmali ta ce a yi yanzu. Haka ya faru da penisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, yaƙi ya zo ya sa aka zuba kuɗi aka yi shi da yawa. In gwamnatoci ba sa kwance bakin jaka sai sun ga jini, wannan halin gwamnatoci ne, abin kunya ne da ya kamata a gyara. Ba za a mai da shi dokar halitta a ce mu durƙusa mata ba.

Kuma an sha kwance jakar ba tare da yaƙi ba. Cutar agana, wadda ta bar zane a fuskokin kakanninmu, an ƙaddamar da babban shirin kawar da ita a 1967, aka sanar da ƙarewarta a 1980, Amurka da Tarayyar Sobiyat suna aiki tare a daidai lokacin da suke wa juna barazana da bam. Kurkunu fa? A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da shi. Da me? Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyi, da mutanen ƙauye masu zagayawa suna lura. Wa aka kulle a ɗakin ƙasa kafin kurkunu ya tafi?

Mu matso gida sosai, don na san abin da wani zai ce. Zai ce ai yunwar 1984 ce ta sa manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani, suka daina tumɓuke kututture suna barin tsiro ya zama itace, har yau ake maganar hekta miliyan 5 da suka sake yin kore. Na ji. Amma farin 1984 bai tsaya a Maraɗi ba, ya bi Sahel tun daga Muritaniya har Habasha. Da yunwa ce mai shuka gawo, da duk wannan zirin ya zama kurmi. Abin da aka samu a nan shi ne dabara da aka gwada aka ga ta yi, manomi ya gani a gonar maƙwabcinsa, sannan aka sassauta riƙon da ƴan gandun daji suka yi wa itace har manomi ya san abin da ya raina nasa ne. Duk waɗannan ana iya samun su cikin shekarar damina mai albarka. Yunwa kuwa abin da ta yi da hannunta shi ne ta kashe dabbobi, ta watsa iyalai, ta sa aka sayar da gonaki. Haka 2005. Abincin gyaɗar nan na cikin leda, Plumpy'nut, da ya ceci dubban yara a Maraɗi a shekarar, tun 1996 aka haɗa shi a Faransa, kuma waɗanda suka haɗa shi a ƙoshe suke, da ɗakin bincike, da albashi.

Wani lokacin ma mugunta baya take mai da ci gaba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani, Trovan, a Kano, a cikin wani gwaji da ya shafi yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka mutu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da jihar Kano a 2009 kan dalar Amurka miliyan 75. A 2003, da aka ƙaurace wa allurar shan inna a Kano da wasu jihohi, wannan tabon na cikin abubuwan da mutane ke nunawa, kuma cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Ku kwatanta da allurar MenAfriVac da aka fara yi wa jama'a a Burkina, Mali da Nijar a 2010, aka ƙera ta a Indiya a farashin da bai kai rabin dalar Amurka ba. Sanƙarau nau'in A, mai cika asibitoci duk bazara, ya kusa ɓacewa. Wannan ita ce hanyar da ake ce mana babu ita.

Ku kuma tuna cewa zancen nan ba baƙo ba ne a ƙasar nan, da Faransanci aka fara yi mana shi. Ayarin Voulet da Chanoine da ya ƙone garuruwa a 1899, ya yi ta'asa a Birnin Ƙonni, da sunan kawo wayewa ya zo. Aikin dole da aka yi ta sa kakanninmu har sai da aka soke shi a 1946, an ce don a gina ƙasa ne, an ce baƙar fata ba ya aiki sai da bulala. Abin da ke ba ni haushi shi ne in ji jikan wanda aka ɗora wa kaya a ka yana maimaita falsafar mai bulalar, don kawai ya ji ta daga bakin wani ƙaton dodo mai launin shuni a fim. Kuma ba ta tsaya a baki ba. Ita ce ke sa babba a makarantar kwana ya ci zalin sabon shiga, ya ce mu ma haka aka yi mana. Ita ce ke sa a ga yaro ɗan shekara bakwai da ƙoƙo a tasha da tsakar dare a ce horo ne. Ita ce ke sa in bursi ya yi wata da watanni bai fito ba, wani mai ƙoshi ya ce ai haka ake zama namiji.

Mu marubuta ma muna da hannu. Labari na son rikici, wannan kowa ya sani, babu mai karanta shafi 200 na mutane suna cin tuwo lafiya. Daga nan sai a zame, bukatar mai labari ta zama kamar bukatar duniya. Ko Nnedi Okorafor, da ta sa labarinta The Shadow Speaker a Nijar ta 2070, sai da ta fara girgiza duniya da babban bala'i. A rubuce-rubucen da ake kawowa ƙungiyarmu ma na lura, duk wanda ya ƙaga Yamai ta shekara ɗari mai zuwa da dogayen benaye, sai ya fara da annoba ko da wani soja mai ƙarfen hannu da ya share rabin gari. Alhali rikici bai ƙare ba don babu mugu. Tona rijiya ta yi mita 60 ba a ga ruwa ba rikici ne. Injiniyoyi biyu masu gaskiya su saɓa kan inda za a kafa madatsa rikici ne. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya ƙare rayuwarsa yana kokawa da yadda za a mai da zafin ranar nan aiki, kuma wannan kokawa ta isa littafi. Sai dai rubuta irin wannan ya fi wuya, shi ya sa ake gudu zuwa bam.

Saura hujja ɗaya, wadda ta fi kusa da mu ɗalibai, kuma ina taɓa ta da ladabi. Ana cewa ba don jinin 9 ga Fabrairu 1990 ba, da ba a yi Taron Ƙasa na 1991 ba, da ba a samu jam'iyyu da yawa ba. Na yarda ranar ta girgiza ƙasa. Amma a bar wa kowa aikinsa. Ɗalibai ne suka shirya, suka fito, suka hau gadar Kennedy da buƙatunsu. Ƙungiyoyin ƙwadago ne suka yi ta yajin aiki bayan haka. Iskar canji na kaɗawa a Benin da sauran maƙwabta a wannan shekarar. Waɗannan su ne suka tura ƙofar. Wanda ya danna kunamar bindiga bai zo gadar don ya taimaka wa dimokuraɗiyya ba, ya zo ne ya hana ta, kuma in muka ce harsashinsa ya zama dole, mun ba shi kaso cikin ladar da ba tasa ba, mun kuma ba na gaba izini. Abin da harsashin ya yi shi ne ya rage mana mutum uku. Kun san sunayensu, kowace shekara ana kiran su. Da suna nan da yanzu furfura ta fito musu, wataƙila da ɗayansu ne ke tsaye gaban allo a amfi da alli a hannu, yana yi mana faɗa don mun makara.